Karrama Baba Koci: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Mai buɗe zance, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu tsofaffin 'yan wasan hoki (wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda) na Sakkwato mun yanke shawarar karrama Baba Koci da lambar yabo da babbar riga tun yana raye, saboda shekarun da ya yi yana buga wa jiha wasa, da waɗanda ya ƙarar wajen horar da yaran unguwanni ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Kafin a rubuta jawabin ranar, muna roƙon duk wanda ya zauna da shi ya faɗi abin da ya shaida da kansa.

Tsohon mai tsaron gida, Mabera:
Wa alaikumus salam. A filin ƙasa muka koyi wasa, alhali tun gasar Olympics ta 1976 a Montreal manyan gasanni suka fara komawa kan ciyawar roba. Saboda haka da an idar da sallar Asuba Baba yakan sa mu tsince duwatsu mu yayyafa ruwa don kada ƙwallo ta yi tsalle ta fasa wa wani baki, kuma a bazara dole a tashi kafin hantsi, domin zafin garin nan yakan haura digiri 40. Sanduna ba su ishe mu ba. Idan ɗaya ta tsage, yakan tafi da ita gida ya sa mata gam, ya naɗe ta da zare tam, washegari ta dawo fili. Akwai wani yaro bahago da ya so ya daina zuwa, tunda ba a ƙera sandar hagu a hoki, kuma da gefen nan mai faɗi kaɗai ake taɓa ƙwallo. Baba ya ware shi gefe yana koya masa juya sanda har ya gagari masu tsaron baya.

Malamar makaranta, Gawon Nama:
Ni ban taɓa riƙe sanda ba, ƙanena ne ɗalibinsa. Mahaifinmu ya hana shi wasa don gudun kada ya watsar da karatu, sai Baba ya zo har zaure, ya zauna a kan tabarma, ya yi alkawarin cewa duk yaron da bai nuna masa sakamakon jarrabawa ba ba zai shiga fili ba. Ya cika alkawarin. Da mahaifiyarmu ta kwanta asibiti ana neman jini, shi ya zo da manyan 'yan wasansa suka bayar. Allah ya saka masa da alheri.

Tsohon kyaftin, Arkilla:
Amin, Malama. Lambar yabo da babbar riga sun dace da shi, amma a ganina ba su ne za su faranta masa rai ba. Lokacin da Najeriya ta ci tagulla a gasar Afirka da aka yi a Accra a 2022, ya kira ni yana murna, daga baya kuma ya koka da cewa yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin sandar hoki ba. Shawarata ita ce kowannenmu ya sayi sanda ɗaya da ƙwallo a miƙa wa makarantu a gabansa, sannan mu raba atisayen Asabar a tsakaninmu, tunda gwiwa ta fara damunsa. Ni na ɗauki Asabar ta farkon kowane wata.