Mai gida ya fasa, dillali ya ce la'ada ba ta komawa

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na kama hayar shago a unguwar Bukoki ta Yamai, kusa da kasuwar Katako, don in buɗe wurin ɗinki. Jika 60 ne a wata, wato sefa dubu 60. Na biya abansin wata uku, na ba dillali la'adarsa ta wata guda, muka sa hannu a takarda. Ban ma kai keke ko ɗaya ba, kwana tara da karɓar makulli, mai gida ya kira ni: wai gidan na gado ne, ƙannensa sun ƙi yarda. Ya mayar mini da jika 180 cif, ban da abin cewa a kansa. Shi kuwa dillali ya ce aikinsa ya gama tun ranar sa hannu, ko dala ba zai mayar ba. Ni ba shago, ba jika 60. Ina da hakki ko in haƙura?

Baban Sani, Wadata: Hajiya, ni dillali ne, shekara 14, kuma gaskiya zan faɗa miki ko ba daɗi. Sai mu zaga da mutum gida goma cikin ranar Yamai, man babur namu, kuɗin waya namu, a ƙarshe ya ce bai ga wanda ya yi masa ba, mu tashi a tutar babu. Idan an daidaita an sa hannu, la'ada ta halatta. Wanda ya fasa shi ke ɗaukar asara. Mai gida za ki bi.

Inna Rabi: Ai ku dillalai bakinku ɗaya. Ɗiyata, ki tambaya a unguwa, maƙwabta sun san gidan da ake rigima a kai.

Malam na Talaje: Wa alaikumus salam. Wannan babin ji'ala ne: wanda aka yi wa alkawarin lada a kan aiki yana cancanta idan aikin ya kammala. Da ke da mai gida kuka sasanta kuka warware bisa son ranku, da dillali ya ci la'adarsa. Amma malaman Malikiyya sun ce idan aka mayar da kaya saboda aibi, dillali yana mayar da ladan da mai kaya ya ba shi, sai fa in mai kayan ne ya ɓoye aibin da gangan. To haya da mutum ya bayar a gidan da bai mallaka shi kaɗai ba, ai tun tushe da rauni. Ku je gaban malami ku uku, kowa ya faɗi nasa.

Ɗan Yantala: Yaya, in ƙara ta fuskar doka. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokarsu ta kasuwanci, wadda aka sabunta a 2010, ta yi magana a kan dillali. Ta ce ladansa ya wajaba da zarar shiga tsakaninsa ta kai ga ƙulla yarjejeniya, a nan Baban Sani bai yi ƙarya ba. Sai dai ita dokar ta ɗora masa nauyin faɗa wa ɓangarorin biyu abin da suke bukatar sani kafin su amince, kuma in ya yi bayanin ƙarya yana ɗaukar ɓarnar. Don haka tambayar ita ce: ya san da maganar gadon ko bai sani ba? In bai sani ba, jika 60 ɗin asara ce da fasawar mai gida ta jawo miki, shi za ki nema. Ni dai ba zan ce ki ruga kotun kasuwanci kan wannan kuɗin ba, zirga-zirgar ta isa ta cinye shi. Fara da mai unguwa. Ya ba ki takardar shaidar karɓar la'adar?

Maman Nana: Bai ba ni ba, amma gaban ƙanen mijina na ƙirga masa. Inna, na bi maganarki. Mai shayin bakin layi ya ce bara ma an yi haka da wani mai gyaran waya, kuma wannan dillalin ne ya kawo shi.

Baban Sani, Wadata: Subhanallah. To wannan daban, Hajiya, na janye. Ki tafi da mai shayin in zai yarda ya faɗa a gaban mutane. Kada kuma ki amince in ya ce zai nemo miki wani shago a madadin kuɗin.

Maman Nana: Haka kuwa ya ce jiya. Mai unguwa ya sa mana ranar Asabar bayan la'asar.