Wace kalma za mu sa wa compiler da Hausa?

1. 'Yan uwa, jiya da daddare na zauna da ƙanena ɗan aji ɗaya a jami'a, muna saka masa compiler a kwamfuta saboda kwas ɗin C, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, da suka fara. Muna cikin yi ya ce, "Yaya, wai shi wannan abin mene ne sunansa da Hausa?" Na buɗe baki na rasa amsa. Tun jiyan nake juya maganar, ga inda na tsaya.

2. Mu fara da aikinsa. Ɗalibi ya rubuta shiri da yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs wajajen 1972, ya adana shi da sunan gaisuwa.c. Kwamfuta ba ta jin wannan yare, ita sifili da ɗaya ta sani. Sai ya buɗe baƙin allon nan na layin umarni ya buga gcc gaisuwa.c -o gaisuwa. Compiler ɗin, mai suna GCC, zai karance rubutun kaf, ya fitar da sabon fayil cikin yaren inji. Daga nan ko an goge na asali, sabon zai yi aiki.

3. Na ga masu cewa matattari ko mai harhaɗawa. Sun bi ma'anar kalmar Turancin ne, kuma suna da hujja a tarihi: A-0 ɗin da Grace Hopper ta yi a 1952 tattaro guntayen shirye-shiryen da aka riga aka rubuta yake yi, ya jera su. Sunan ya dace da wancan zamani. Amma GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, in ka ce wa ɗalibi matattari ne, zai tambaye ka me yake tarawa, kuma ba ka da amsa mai gamsarwa.

4. Sunan mahaɗi kuwa mu ajiye shi, yana da mai shi. Akwai mataki na ƙarshe da ke ɗaura shirinka da ma'ajiyar da printf, umarnin fitar da rubutu a allo, take ciki. Wannan shi ne mahaɗi na gaskiya.

5. Ni dai mafassari na zaɓa, kuma dalilina tafinta ne. Kowa ya san tafinta: yana tsaye gefen mai magana, a faɗi jimla ya juya, a faɗi wata ya juya, in babu shi taro ya tsaya. Haka ɗaliban yaren Python suka saba, dole tafintan, wato interpreter, ya kasance duk lokacin da za a gudanar da shiri. Mafassari kuma littafi yake ɗauka ya shiga ɗaki, ya fito da wani littafin cikakke, mai karatu ba ya bukatar ganinsa. Bambancin da malamai ke kwashe rabin lacca suna bayani, Hausa ta riga ta raba shi da kalma biyu. Siffar kalmar ma ta zauna daidai da sunayen kayan aiki, kamar mabuɗi da madubi da magogi.

Har halinsa na mafassari ne. Ka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi, zai ƙi aikin gaba ɗaya, ya nuna maka lambar layin da bai gane ba.

6. Na san za a ce in an ce wa yaro "fassara shirinka" zai ɗauka Hausa ake so ya mayar da shi. Gaskiya ne, a ranar farko. Maganinsa a riƙa cewa mafassarin C har kunne ya saba. Wanda bakinsa ya saba da kompaila kuma ya ci gaba a hira, tafinta ma daga Turanci muka aro shi. A rubutu da koyarwa nake roƙon mu tsaya kan mafassari.

7. Na gwada kalmar a daren. Mun saka GCC ta MSYS2, manhajar da ke kawo irin waɗannan kayan aiki a Windows, muka buga gcc --version, Windows ya ce bai san wannan umarni ba. Na ce wa ƙanena mafassarin yana cikin kwamfutar, Windows ne bai san gidansa ba, sai mun rubuta masa adireshin a PATH, jerin wuraren da yake neman umarni. Ya gyara da kansa, ya rufe allon ya sake buɗewa, lambar sigar ta fito. Da safe na ji yana gaya wa abokinsa marar laftof ya sauke manhajar layin umarni ta Termux a waya, ya buga pkg install clang, ya samu nasa mafassarin mai suna clang.