Mai gida ya ƙi cika yarjejeniyar ofishin haya, ina zan nufa?

Salamu alaikum jama'a. Ina hayar ɗaki da falo a Aboabo, Kumasi. Kuɗin shekara 2 na biya a dunƙule, duk da dokar haya ta Ghana ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata 6 ba. Amma wa zai ba ka ɗaki a haka a garin nan?

Wata 8 da shigata, mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, in tashi. Na ce to, a mayar min da ragowar kuɗina. Shiru.

Limaminmu ya sa baki, a banza. Na kai ƙara ofishin Rent Control, wato ofishin gwamnati mai kula da rikicin haya, aka zaunar da mu, ya sa hannu zai biya cikin wata 2. Yau wata 4 ke nan, ko sidi ɗaya ban gani ba. Shekaranjiya ma ya yanke min wuta, da tocila yara suke karatu. Rasit da takardar yarjejeniyar suna hannuna.

Don Allah, jami'in haya ne zai tura maganar gaban majistare, ko ni zan buɗe sabuwar ƙara a kotun gunduma?