Ƙanena yana cin jarabawa amma bai iya wasiƙa ba, in ci gaba da biya?

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Ƙanena yana aji biyu a NCE, karatun zama malami, bai taɓa faɗuwa kwas ba. Da hutu na ce ya rubuta wa ƙungiyarmu ta manoman riɗi takardar neman taki, ya ɓata shafi uku, ƙarshe malamin firamare ne ya rubuta mana. Buhu biyu na sayar a Gujungu na biya masa bana. In ƙarasa masa ko in ba shi jari?

Ɗan Ringim: Kai shi makarantar kiwon lafiya, can aiki yake.

Baban Hanifa: Shekara ɗaya ta rage masa fa.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, kar takarda ta ruɗe ka. Maki 40 na gwajin cikin zango ne, 60 na jarabawa. Malami ɗaya, ɗalibai cike da zaure, yaushe zai karanta aikin kowa? Jira ya fita TP, wato koyarwar gwaji, ka zauna a bayan aji ka ga ko yara suna ganewa.

Maman Biyu: TP, Baba? A ƙauyenmu na yi nawa. Mai duba mu bai taɓa taka makarantar ba, wai hanya ta yanke. A tasha ya karɓi littattafanmu ya sa hannu kan bonet. Kwas ɗaya kuma aka ce takardata ta ɓace, na sake zama da goyo. Wanda bai sayi handawut ba, sunansa ba ya cikin lissafi. Dubu biyu kowanne!

Ɗan Ringim: Ɗari biyar dai.

Maman Biyu: A zamanin Shagari?

Auwalu Mai Caji: Mu dubu ɗaya, da hoton malam a bango kyauta.

Malama Ta Gumel: Ni ina koyarwa, kuma ina duba kowace takarda. Kar a yi mana kuɗin goro. Ga jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai, ma tana jiransa in ya gama.

Ɗan Ringim: A Kaduna a 2017 malamai sama da 21,000 suka faɗi jarabawar 'yan aji huɗu, da takardunsu a hannu.

Malama Ta Gumel: Kai ka taɓa riƙe alli?

Maman Biyu: Ni na riƙe, shekara da shekaru a sa-kai. Da aka zo ɗaukar aiki, 'yar wani ce ta samu, ko gwajin ba ta zo ba.

Baban Hanifa: To jama'a, batun ƙanena?

Auwalu Mai Caji: Nawa riɗin yake yanzu a Gujungu?