Zan iya kai ɗan shekara uku kallon hawa a Daura?

Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Bana a Daura za mu yi sallah, gidan surukaina, kuma maigida ya dage sai an kai yaronmu kallon Hawan Magajiya, hawan da Sarkin Daura ke yi bayan sallah. Shekararsa uku da wata biyu. Tun cikin azumi aka ɗinka masa 'yar babbar riga har da ɗan rawani, kakarsa kuwa ta gama shelanta wa dangi. Ni a Kaduna na tashi, ban taɓa ganin hawa ido da ido ba sai a talabijin. Yaron nan ko janareta aka tayar sai ya rugo ya ƙanƙame ni. Maigidan shi ma zai hau a tawagar wani hakimi, ke nan ni za a bari da yaro. In je, ko in ƙirƙiro ciwon kai?

Wata uwa, haifaffiyar garin:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je, Daura ba Kano ba ce, ba za ki ga irin turmutsutsun Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ba. Amma tunda kin ce yana tsoron janareta, to ba doki ne abin damuwarki ba, 'yan bindiga ne. Bindigar gargajiya ce da ake ɗura wa albarushi, ba harsashi a ciki, sai dai ƙararta har a ƙirji ake jinta, kuma ba sa cewa ga mu nan. Ɗaya ya harba, kafin ki farga uku sun biyo baya, hayaƙi ya turnuƙe. Autana yana da shekara uku ya yi fitsari a jikina saboda haka, sabon leshi kuwa. Ki lura da tsarin tafiyar: hakimai da mutanensu ne ke fara wucewa, nan ne yaro zai more kallon kayan doki da algaita. In kika fara jin kakaki, kika hango lema daga nesa da jajayen rigunan dogarai, Sarki ya kusa, harbi zai yawaita. Tun lokacin ki ja baya, ki rungume shi, ki toshe masa kunnuwa da tafin hannunki. Auduga kaɗan take ragewa. Daga yau kuma ki riƙa nuna masa bidiyon hawa a waya, kina ce masa "za su yi dum, mu toshe kunne", ya zama wasa.

Wani dattijo da ya daɗe yana hawa:
'Yata, ni fa ban yarda a ce doki ba abin damuwa ba ne. Wanda ke kansa ma ba kullum yake da iko da shi ba. Dokin da ya wuni cikin kaya masu nauyi da rana da ƙarar bindiga, abu kaɗan ke firgita shi. Kada ki tsaya a kwana inda ake juyawa, kada ki tsaya a bakin lungu, nan samari ke ɓullowa a guje. Gaban fada kuwa, inda ake sukuwa a ja linzami a yi jinjina, wajen manya ne. A bayan doki ko da a tsaye yake kar yaro ya gifta. In an saya masa balan-balan ko usur, a ajiye sai an koma gida. Za ki ga masu cewa "kawo shi a ɗora a yi hoto". In ba ubansa ba ne a kan sirdin, ki ce kin gode.

Wata 'yar uwa:
Ni dai shawarata kar ki je. Me ɗan shekara uku zai tuna? A wani gari na kai tawa, na sake ta don in ciro kuɗin ruwa a jaka, ina ɗagowa babu ita. Kusan minti arba'in ina yawo ba takalmi ɗaya, sai a gaban mai rake na same ta yana ba ta tana sha hankali kwance. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Uwar farko ta dawo:
Allah ya kiyaye gaba. Amma Anti, kin lura yawanci a wajen watsewa ake ɓata? Sarki na wucewa kowa ya bi bayansa, babura su cika titi. Ta tashi kafin nan, ko ta zauna sai ƙura ta lafa. Kuma ta goya shi da zani, ba riƙon hannu ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Hajiya, sallar bana cikin zafi ta faɗo. Babbar riga da rawani a yi hoto da su a gida, a fita da riga marar nauyi da hula. Ki ciyar da shi kafin ku fita, ki riƙe ruwanku daga gida, ki riƙa ba shi ko bai tambaya ba. In kika ga ya yi laushi, leɓensa ya bushe, ko ya daɗe bai yi fitsari ba, kallo ya ƙare, ku nemi inuwa. In yana da asma, ƙurar dawaki da hayaƙin albarushi sun isa su tayar masa. Lambar wayarki ki rubuta masa a damtse da biro, takarda a aljihu faɗuwa take.

Wani matashi:
Maigida ya hau doki yana ɗaga hannu, ke a bar ki da goyo a rana? A ba ki ƙanwarsa ɗaya ta raka ki mana.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na karanta wa maigida naka, ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ne. Na kira surukata, ashe ƙawarta na da gidan bene a kan hanyar da ake bi, ta ce mu je tun bayan azahar kafin a tare titi. Ƙanwar maigida za ta zo da mu. Rawanin ne dai surukar tawa ta ce ba ta san zancen cirewa ba, har yanzu muna kai.