Shawarwarin masu harhaɗa magani a Kumasi kan lokacin annoba

A zamanmu da masu harhaɗa magunguna na asibiti a Asawase da ke Kumasi, korona ce ta cinye hirar. Tun shigowarta Gana a Maris 2020, sun ce mai tari da zazzaɓi sai a rubuta masa azithromycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, alhali korona bairos ce, maganin ba ya taɓa ta.

Wata Hajiya a cikinsu ta nanata: a ɗebi jini ko kaki a kai gwaji kafin allurar farko ta maganin kashe bakteriya, a sake duba takardar majinyaci bayan awa 48 zuwa 72, in babu alamar bakteriya a tsayar da maganin. Wannan ta fi kama ni.

In an hana shiga ɗakin majinyata kuwa, a yi bitar takardar majinyaci da likita ta waya.