Shin rashin Jordan ne ya ba Hakeem Olajuwon kofunansa biyu?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Sau da yawa nakan ji ana cewa Hakeem Olajuwon bai ci kofunan 1994 da 1995 tare da Houston Rockets ba sai don Michael Jordan ya jingine ƙwallon kwando a lokacin. Shin maganar tana da tushe, ko kuwa rage wa mutumin daraja kawai ake yi?

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne Jordan ya yi ritaya a watan Oktoba na 1993, bai kuma buga kakar da ta biyo baya ba. Sai dai masu wannan magana sukan manta cewa ya dawo a watan Maris na 1995, kuma yana cikin fili lokacin da Orlando Magic ta fitar da ƙungiyarsa ta Chicago Bulls daga gasar. Wannan Orlando ɗin, wadda Shaquille O'Neal ke jagoranta, ita ce Houston ta doke sau huɗu a jere a zagayen ƙarshe. Kafin nan ma hanyar ba ta yi sauƙi ba, domin Houston ta shiga ne a matsayi na shida a yankin Yamma, ta ture Utah, ta ture Phoenix, sannan ta haɗu da San Antonio ta David Robinson, wanda aka ba kambun gwarzon wannan kakar. Duk wanda ya kalli waɗannan wasanni ya ga yadda Hakeem yake nuna zai jefa ƙwallo, Robinson ya yi tsalle, shi kuwa ya juya ta ƙarƙashinsa ya saka ta cikin raga.

Masoyiyar Kwando:
Ina goyon bayan Koci, kuma a ganina 1994 ta fi ba da hujja. A wannan kakar Hakeem ya haɗa kambun gwarzon gasa, da na gwanin tsaron baya, da na gwarzon zagayen ƙarshe, bayan wasanni bakwai masu zafi da New York Knicks, alhali ba shi da wani babban tauraro a gefensa, tunda Clyde Drexler bai zo ba sai Fabrairun 1995. Sarrafa ƙafar Hakeem da ake yabo ya samo asali ne daga Legas, inda ya yi tsaron raga a ƙwallon ƙafa kafin ya taɓa ƙwallon kwando. Har yau babu wanda ya kamo shi a yawan tare ƙwallon da abokin hamayya ya jefa zuwa raga, sau 3,830, kuma Kobe Bryant da LeBron James duk sun je wurinsa neman darasi bayan ya bar wasa.

Ɗan Kallo:
Ranki ya daɗe, ban musa ko ɗaya ba, amma a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Jordan ɗin 1995 bai gama komawa ganiyarsa ba, shaida kuwa ita ce a kakar da ta biyo baya Chicago ta ci wasanni 72 ta ɗauki kofi. Da Chicago da Houston sun haɗu a zagayen ƙarshe, zan fi karkata ga Chicago, ko da yake ba ta da dogon ɗan wasan tsakiya da zai iya riƙe Hakeem shi kaɗai. Abin da ya fi burge ni game da Hakeem shi ne Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan, yana azumi yana buga wasa, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan a gasar baki ɗaya.